Ƴan TikTok a Filin Kokawa da Makomar Hausar Adar

A shekarar 2015 kamfanin Disney ya hana shiga wuraren shaƙatawarsa na Amurka da sandar nan da ake maƙala wa waya domin ɗaukar hoton kai. Dalilin da aka bayar shi ne kiyaye lafiyar jama'a, amma ƙorafin masoya waɗannan wurare ya zarce batun sanda. Sun daɗe suna kuka da masu neman mabiya a intanet, waɗanda ke tare hanya, su dalle mutane da fitila a wurin da aka tsara shi domin duhu, su mai da sauran baƙi kayan adon bidiyonsu.

Madawa da Buza da Keita ba su da irin wannan wuri, sai dai suna da filin kokawa, wanda shi ne babbar matattarar nishaɗin jama'a da zarar an kawar da amfanin gona. A Tawa aka fara gasar takobin ƙasa a 1975, kuma daga kokawar ƙauyuka ake tsamo gwanayen da ke wakiltar jiha. Cutar da ta damu masoyan Disney ta iso wannan fili, kuma ɓarnarta a nan ta fi tare hanya muni, domin ta taɓa harshe.

Kokawa ba kaye kaɗai ba ce. Kafin a haɗa ƙirji akwai kiɗa, akwai kirari, inda ɗan kokawa zai ambaci garinsu da ubangidansa da mazajen da ya kayar, makaɗi ya amsa masa, taro ya ɗauka. Zance ne mai tsari, wanda ke buƙatar lokaci da kunnen da ya san tarihin ƴan wasan. Ɗan TikTok kuwa daƙiƙoƙi kaɗan yake nema. Sai ya yanko lokacin da aka kai mutum ƙasa, ya shafe gangar filin, ya ɗora waƙar da ake yayi, ya cika rabin hoton da fuskarsa. Wanda ya sha kaye, mai iyali da mutunci a garinsu, ya zama abin dariya ga dubban mutanen da ba su san sau nawa ya yi nasara ba. Ba wanda ya nemi izininsa, kuma ko dala ba ta shiga aljihunsa.

Abin da ya fi shafar ɗalibin ilimin harsuna shi ne bakin da ake magana da shi. Hausar wannan yanki ta rukunin yamma ce: munka da sunka a inda Bakano zai ce muka da suka, shina maimakon yana, hwara maimakon fara, gidanai maimakon gidansa. Bernard Caron ya keɓe wa Hausar Adar littafi guda a 1991. To amma mai neman mabiya yana kallon inda kasuwa take, kasuwa kuwa tana wajen miliyoyin masu kallo na Arewacin Nijeriya, waɗanda finafinan Kano suka riga suka saba wa kunne. Saboda haka saurayin da ya tashi da sunka sai ya ajiye ta idan ya kunna kyamara. Idan kuma ya ɗauko ta, sau da yawa domin barkwanci ne, a bakin baƙauyen da ake yi wa dariya. Yaron da ke kallo a Buza yana koyon darasin da ba wanda ya furta masa: harshen intanet na gayu ne, na kakarsa kuwa na ban dariya.

Ba za a ƙi gaskiya ba, waɗannan bidiyoyi suna da ranarsu. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, kuma mutumin Keita da ke Abijan ko Legas ko Libiya ta wayarsa yake ganin kokawar garinsu. Amma shi wannan ɗan ci-rani kirarin yake kewa, da ganga, da muryar gida, su ne kuwa ake fara yankewa.

Lamarin ya zo a daidai lokacin da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tambayar wace Hausa za ta shiga aji da ofis tana nan a buɗe, kuma bai dace yawan mabiyan wani ya amsa ta ba. Akwai kuma haɗari na kusa ga masu rubuta kundin kammala karatu. Kwaso misalai daga TikTok ya fi hawa mota zuwa Madawa sauƙi da arha, amma abin da za a kwaso magana ce da aka riga aka tace domin kunnen wani gari. Ɗalibin da ke son Adarci sai ya je filin da kansa a lokacin kaka, ya nemi izinin ƴan kokawa da makaɗansu, ya naɗi kirarin tun daga farkonsa har ƙarshe, ya rubuta sunan garin da ranar, sannan ya bar wa masu shi kwafinsu.