Jiran wata shida ko allura yanzu?

Wata ƙanwata ɗaliba da ke zaune a Silver Spring ta kira ni bayan isha'i, muryarta na rawa. Tana wanka ta ji ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, aka yi mata sikanin, takarda ta fito da rubutu: BI-RADS 3. Likita ta ce zaɓi biyu ne, ko ta dawo bayan wata shida a sake dubawa, ko a sa allura a ɗebo ɗan nama a gwada yanzu. Ta ce, "Yaya, na rasa na ɗauka. Ga shi Hajiya ta ce kada in kuskura in bari ƙarfe ya taɓa shi."

BI-RADS ma'auni ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, mai hedikwata nan kusa da mu a Reston ta Bajiniya, ta tsara. Lamba 3 na nufin yiwuwar abin ya zama sankara bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. A 'yan mata, galibi irin ƙullutun nan ne mai santsi da ke zamewa ƙarƙashin yatsa, ba ya cutarwa. Shi ya sa ake cewa a sa ido: hoto bayan wata 6, sai 12, sai 24. In ya girma ko siffarsa ta canza, a yi gwajin allura. Lamba 4 ko 5 kuwa babu batun jira.

Maganar Hajiya na fahimce ta. A gida mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, a yi aiki, rai ya yi halinsa, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Amma gwajin allura ba tiyata ba ne. Ana kashe zafin wurin, a ɗebo zare-zaren nama, a bar ɗan ƙarfe ƙanƙane kamar ƙwayar riɗi don alama, ki koma gida ranar. Abin da ya saba biyo baya ɗan ciwo ne da taruwar jini na 'yan kwanaki. Allurar ba ita ke kashe mutane ba, jinkiri ne.

Ni a ganina, jira shawara ce mai kyau ga macen da za ta koma. Wannan sharaɗin ne likita ba ta san ya shafe mu ba. Ba ta san inshorar makarantarki za ta ƙare da kammala karatu ba, ko za ki tafi Kano biki ki yi wata huɗu, ko aikin dare ya sa ki manta da ranar. Sa ido da babu komawa sunansa mantuwa. Ki faɗa mata wannan ƙarara. Ki kuma faɗa mata in mahaifiyarki, ko gwaggo, ko 'yar uwa ta taɓa yin sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa, ko da a gida "daji" kawai aka kira shi aka yi shiru. A Amurka mata baƙar fata sun fi farare mutuwa da wannan cuta da kusan kashi 40 cikin 100, don haka ba rashin kunya ba ne ki yawaita tambaya.

Batun kuɗi: ki kira kamfanin inshora kafin ranar, domin hoton bincike da gwajin allura ba lallai su zama kyauta ba kamar mamogiram na yau da kullum. Marasa inshora su nemi Project WISH a Washinton, ko Every Woman's Life a Bajiniya. Merilan ma tana da nata shirin.

Ƙanwata za ta gama karatu a watan Mayu, tikitin gida na hannunta. Ta zaɓi allurar. Na ce ta karɓi kwafin hotunan da sakamakon ta tafi da su Kano, ni kuma na ɗauki nauyin kiran Hajiya.