Ganye Ba Goyo

Ya zama al'ada a harkar finafinan Hausa, da zarar ɗan wasa ya yi suna sai ya ga lokaci ya yi da zai hau kujerar darakta. Ba mu ga laifin wannan ba. Abin da muke kuka da shi shi ne irin fim ɗin farko da wasunsu kan fito da shi: a ɗauko gidajen Abuja daga sama, a jera motoci, a yi ta sauya wa amarya kaya, amma in aka tashi daga kallo aka tambayi mutum abin da ya faru, sai ya rasa ta cewa.

Dalilin a fili yake. Ɗan wasa ya shafe shekaru yana kula da fuskarsa da suturarsa da hasken da za a haska shi, saboda haka ranar da ragama ta zo hannunsa nan idonsa zai fara zuwa. Kuɗin da ya kamata a biya marubuci ya zauna ya tsara labari sai su tafi wajen hayar gida da mota.

To, manomin Karfi a ƙasar Malumfashi ya san masarar da ta sha taki ta yi ganye shar amma ba ta yi goyo ba, kuma ya san ba ta cika rumbu. Idan ya taso daga gona ya biya aka tura masa fim a waya, yana so ne ya ga rikicin gado, ko bashin taki, ko auren dole, a nuna masa mafarinsu da ƙarshensu.

Mu dubi Oumarou Ganda na Nijar. Ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indocina, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, sannan ya fito a fim ɗin Jean Rouch na 1958. Da ya tashi shirya nasa na farko, Cabascabo, hoton baƙi da fari ya yi, labarin tsohon soja da ya dawo gida, abokai suka kewaye shi har kuɗin sallamarsa suka ƙare, suka watse. An nuna shi a bikin Cannes a 1969. A 1972 kuma fim ɗinsa na gaba, a kan auren mata da yawa, ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Ganda yana da abin faɗa kafin ya riƙe kyamara.

Saboda haka muna kira ga 'yan wasanmu masu wannan buri da su nemi marubuci kafin su nemi mai hoto. Mu kuma ɗalibai, musamman 'yan ƙungiyoyin Hausa da na wasan kwaikwayo, wajibi ne mu zauna mu rubuta labaran garuruwanmu, domin in mun bar fagen ba mu da bakin zargin kowa.