Cacar Waya: Kyautar Da Ake Biya Kafin A Karɓa

A wannan fitowa zan karkata akalar alƙalamina zuwa ga 'yan uwanmu Hausawa mazauna Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar, da kuma zuriyar maniyyatan da hanya ta tsayar da su a gonakin auduga. Amma maganar ta shafi kowane gidan da waya ta shiga.

Kwanakin baya wani ɗan yayata da ke zaune a wani ƙauye na yankin Sennar ya kira ni da daddare, muryarsa na rawa. Ya ce, "Kawu, na ci kyauta, amma sun ce sai na biya kuɗin tantancewa kafin su sakar mini. Ka ranta mini, gobe zan maido maka ninki biyu." Na tambaye shi nawa ya riga ya zuba, sai ya yi shiru. Daga baya ya gaya mini cewa kuɗin iri da na taki ne da yayansa ya aiko daga Saudiyya don noman dawar bana, kuma mahaifinsa bai sani ba. Yaron nan mahaddaci ne, bai taɓa zama a dandalin karta ba. Shi a ganinsa ba caca yake yi ba, domin shafin da ya shiga ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa wasa ne na kyauta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, kuma ya kai Wad Madani a watan Disamba na shekarar, harkar kuɗi ta sauya a ƙauyukan nan. Rassan bankuna sun rufe, takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki da saƙon 'yan uwa suka koma cikin waya, musamman ta manhajar Bankak ta Bankin Khartoum. Dattijo bai iya latse-latse ba, sai ya miƙa wa ɗansa wayar da lambar sirri. Ta haka rumbun gida ya koma aljihun yaro ɗan shekara goma sha bakwai, kuma masu damfara sun san da haka.

Yadda wannan caca take shi ne, ana sayar maka da wasu sulallan wasa waɗanda aka ce ba su da daraja, sannan a ɗora maka wasu sulallan daban a matsayin goro. Da na goron ake juya ƙafar sa'a, kuma su ne aka ce ana canjawa zuwa kuɗi. An ƙirƙiro dabarar ce a zagaye dokokin caca na Amurka, har ta kai jihohi irin su Montana da Kalifoniya suka kafa dokar hana ta a 2025. To, idan inda aka haife ta ma an gane caca ce ta sa riga, ina ga shafukan bogi da ke kwaikwayonta su turo mana ta WhatsApp da Telegram? Mu kuwa hukuncinmu a fili yake. Aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida sun jera caca tare da giya, sun kuma bayyana cewa tana haddasa gaba tsakanin mutane, tana shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Mahaifina, Allah Ya ƙara masa lafiya, yakan ce a majalisinsa: duk abin da za ka saka dukiyarka a kai, ko ta dawo da ƙari ko ta tafi gaba ɗaya, kuma sa'a ce kaɗai ke raba gardama, to sauya masa suna ba ya sauya hukuncinsa.

Ba na rubuta wannan don in nuna wa kowa gidan caca mai aminci ba, babu shi. Na rubuta ne don iyaye su san alamomin tarkon tun kafin ya rufe da 'ya'yansu.

Alama ta farko, kuma uwar dukkansu: a ce ka biya kafin ka karɓa. Ko su kira shi haraji, ko kuɗin tantancewa, ko kuɗin buɗe asusu, duk ɗaya ne. Mai niyyar ba ka dubu ɗari ba ya gaza cire dubu biyar daga ciki. Lokacin da shafin CBEX ya rushe a Nijeriya a watan Afrilu na 2025, bayan ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, an nemi waɗanda kuɗinsu ya maƙale su sake zuba dala 100 ko 200 wai don a tantance su.

Ta biyu, babu ofis, babu adireshi, sai lambar waya. Idan za ka saka kuɗi, sunan wani mutum ne ke fitowa a asusun, kuma kowane mako sunan yana canjawa.

Ta uku, ƙaramin kuɗi yana fita da sauri a farko, babba kuwa kullum "ana dubawa". Wannan ƙaramin da suka ba ka tsaba ce ake watsa wa kaza.

Ta huɗu ita ce alamar shafin da ya riga ya mutu. Sanarwarsa ta ƙarshe ta watanni ce da suka wuce, sunayen waɗanda suka ci ba sa canjawa, agogon da ke cewa saura minti goma garaɓasa ta ƙare yana komawa farko duk sanda ka sake buɗewa, ba mai amsa saƙo. Ƙofar saka kuɗi kaɗai ke aiki. Masu shi sun gudu sun bar akwati a buɗe, ko kuma wasu ɓarayin sun sayi sunan suna cin gadonsa.

Ta biyar, a turo maka manhaja ta saƙo a ce ka sauke, ta nemi izinin karanta saƙonninka da ganin lambobin mutanenka, ko a kira ka a ce ka karanto lambar da banki ya aiko maka yanzu. Wanda ya karɓi wannan lambar ya karɓi mabuɗin rumbu.

Ta shida, a yi maka alkawarin lada idan ka kawo mutane. Nan ne ɓarna ke shiga zumunta, domin mutum ba ya kawo baƙo, ƙaninsa da surukinsa yake kawowa.

Wannan ba sabon abu ba ne a Sudan. Manya ba su manta da kasuwar Mawasir ta Fashir ba, inda aka riƙa karɓar motoci da kuɗin jama'a ana ba su cek mai riba mai yawa, har ta rushe a 2010, aka yi zanga-zanga aka rasa rayuka. A Nijeriya ma MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Jiya cek ne, yau waya ce, amma kwaɗayi shi ne mabuɗin wahalar a kowane zamani.

Ga shawarata ga magidanta. Kuɗin gida kada ya fita daga waya sai da sanin mutum biyu. Uba ya sa a karanta masa jerin shiga da fita duk ranar Juma'a, ko da bai iya karatun boko ba. Mai aiko kuɗi daga waje ya sanar da uba ko uwa da bakinsa nawa ya aiko. Idan kuma abin ya riga ya faru, a daina zubawa nan take, a canja lambar sirri, a je wa banki da shaidar turawa. A kuma yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato muku kuɗin idan kun biya shi, sau da yawa ɓarawon farko ne ya sake murya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Ɗan yayata ya yi mako uku yana ƙara zubawa ne don tsoron fuskar mahaifinsa, yana fatan ya maido na farko kafin a gane. Na hana shi rancen, na kira yayata da mijinta muka yi magana, yaron ya nemi gafara. Kuɗin bai dawo ba, gonar bana rabi aka shuka. Da ya san zai iya faɗa tun ranar farko ba tare da an tozarta shi a gaban jama'a ba, da asarar ba ta kai haka ba. Mu tsawata wa 'ya'yanmu, amma mu bar musu ƙofar da za su shigo su ce sun yi kuskure.

Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan, Ya wadata mu da halal, Ya shirya mana zuriya.