Bitamin Da Farfaɗiyar Yara: A Yi Hattara

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, akwai wata magana da ta yi yawa a rumfuna, wai kwalbar bitamin tana kashe farfaɗiya, tana kuma buɗe wa yaro kai. Mu dai ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

Gaskiya ne akwai jarirai waɗanda ba abin da ke tsai da jijjigarsu sai bitamin B6. Tun 1954 likitoci suka gano wannan iri. Gado ne, ba kasafai ake samunsa ba, kuma likita ne ke iya rarrabe shi. Haka nan magunguna irin su fenobabiton da fenitoyin, in an daɗe ana sha, sukan rage bitamin D a jiki har ƙashi ya yi rauni. A nan likita yakan ƙara wa yaro bitamin don ya tsare masa ƙashi.

Amma fa iyakarta ke nan. A 2005 masana na Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba su sami hujja mai ƙarfi ba da za ta sa a riƙa ɗura wa kowane mai farfaɗiya bitamin. B6 ɗin ma in ya yi yawa yakan lalata jijiyoyi. Gishiri yana gyara miya, amma wa ya taɓa kwana da gishiri a madadin tuwo?

Abin da ke ba mu tsoro shi ne uba ya ƙarar da cinikin mako a kan kwalba, ya bar maganin asibiti. Yanke magani farat ɗaya yakan jawo faɗuwa a jere har ta kai ga rasa rai. Yawan faɗuwa da fashin makaranta su ne ke dakushe karatun yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mutum 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai. Saboda haka muna kira ga hukuma ta wadata ƙananan asibitoci da maganin. Ku masu sayarwa, ku ji tsoron Allah, kada ku yi alkawarin da kwalba ba za ta cika ba. Ku iyaye, ku tambayi likita kafin ku saya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.