Ruwan makewayi da fitsarin turke: inda gidajen Ƙofar Dawanau ke fara mutuwa

Ƙofar Dawanau, wadda ke gefen arewa maso yamma na ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa, tana cikin yankunan da tsohon gini da sabo suka cakuɗe, ta yadda a lungu guda za a tarar da katangar tubali ta jingina da ta bulo, soron azara kuma yana fuskantar rufin kwano. Duk shekara, idan ruwan watan Agusta ya yi ƙarfi wani bango ya zube, sai a ɗora wa damina laifi, alhali ganuwar da Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginawa da ƙasa zalla ta sha daminu ɗaruruwa kafin ɗibar ƙasa da gine-ginen mutane su cinye ta. Ginin ƙasa yana jure ruwan da ya doke shi ya wuce. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ke kwana a gindinsa, kuma a yawancin gidaje wannan ruwa daga wuri biyu yake fitowa, wato makewayi da turken dabbobi.

Lissafin ba shi da wuya. Gidan da ke da mutum 10, idan kowa ya yi wanka da bokiti mai cin lita 15 sau ɗaya a rana, yana zubar da lita 150 kullum, wato sama da lita 54,000 a shekara, ban da alwala da wanki da wanke-wanke, kuma duk a 'yar kusurwa guda da ta fi kowace kusurwa ƙarancin rana. Ƙasa tana tsotsar ruwa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ruwan kuma yana tafe da gishirin da ke cikin ƙasa da sabulu da fitsari. Idan ya bushe sai gishirin ya daskare a cikin bango, ya kumbura, ya mayar da laka gari. Farin garin da ake gani a gindin katanga, da yaɓen da ke ɓamɓarewa, da bangon da ke amsawa kamar ganga idan an ƙwanƙwasa shi, duk shaida ce cewa ɓarnar ta daɗe da farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwan sama ma ta wannan tsagar yake bi.

Saboda haka kuɗin gyaran makewayi ya kamata ya fara zuwa ƙarƙashin ƙafa, ba jikin bango ba, ko da yake yawancin magidanta akasin haka suke yi, domin tayil ido na ganinsa, gangara kuwa ba a ganinta. Aikin ƙwarai yana farawa da kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasa har a iske busasshiya, a cike da birji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, a daɓe shi kashi-kashi, sannan a shimfiɗa leda mai kauri wadda gefenta zai ɗan hau jikin bango. A kanta ake zuba kankare mai kaurin inci 4, wanda aka kwaɓa da buhun siminti ɗaya mai kilo 50, da kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, da kwano 8 na tsakuwa. Gangara, wato karkatar daɓe zuwa inda ruwa zai fita, ta zama kamar santimita 2 a kowace mita, kuma ta nufi wuriya kai tsaye, wato kafar da ruwa ke bi ya fita ta jikin katanga. Mahaɗar daɓe da bango ita ce wuri mafi rauni, don haka a lanƙwasa siminti ya hau bango aƙalla taƙi guda ba tare da an bar kusurwa mai kaifi ba. Bayan haka a riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma har kwana 7 kafin a taka shi, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da shi tun bai yi ƙarfi ba. Kafin a sallami magini, maigida ya tuttula ruwan buta guda a kusurwa mafi nisa, ya tsaya ya ga inda ya nufa. Idan ya kwanta ko ya koma jikin bango, aikin bai ƙare ba.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne shafe bangon laka da siminti ko liƙa masa tayil kai tsaye. Siminti da laka ba sa kama juna, domin ɗaya yana motsi da danshi ɗaya kuma ba ya yi, kuma simintin yana toshe hanyar da bangon ke fitar da damshinsa, sai lakar ta ruɓe a ɓoye a bayan fuska mai kyau har ranar da za ta zube gaba ɗaya. Maginan gargajiya ba su faɗa wannan rami ba, domin makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, suna korar ruwa amma suna barin bango ya sha iska, sai dai suna bukatar sabuntawa. Wanda ke son tayil a makewayin gidan ƙasa, hanyar da ta fi aminci ita ce ya tayar da siririn bangon bulo daga ciki, mai harsashinsa na kansa, da 'yar tazara tsakaninsa da tsohon bango. Tayil ɗin ƙasa kuma ya zama mai kaushi, saboda a kan mai sheƙi tsofaffi da masu juna biyu ke zamewa, kuma karayar ƙugu ga dattijo ba ƙaramar jinya ba ce.

Mai son shawa ya bar bututu a fili a jikin bango maimakon binne shi cikin laka, domin yoyon da ake gani ana ɗaure shi a yini guda, wanda aka binne kuwa sai ya gama aikinsa ake sani. Tankin da ke cin lita 1,000 nauyinsa tan guda ne idan ya cika, don haka a yi masa ƙafa ta kansa, kada a ɗora shi a kan soron azara.

Fitar da ruwa daga makewayi rabin aiki ne kawai, domin a cikin birni katanga guda kan raba gida biyu, kuma wuriyar da ke zuba a lungu tana jiƙa harsashin maƙwabci, tana tara sauro, tana kuma jawo husumar da kan kai gaban mai unguwa. Inda akwai kwata, a kai ruwan da bututu har cikinta. Inda babu, a haƙa sokawe, wato ramin da aka cika da manyan duwatsu domin ƙasa ta shanye ruwa a hankali, nesa da gindin gini gwargwadon yadda fili ya bari, kuma daban da shadda, saboda ruwan wanka yana cika shadda da wuri, yana kuma zaizaye bakinta har ta rufta. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, tazarar da gidajen cikin ganuwa kaɗan ne ke da ita. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce ruwan rijiyar irin wannan gida na wanki ne, ba na sha ba, sai an tafasa ko an sa masa magani, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke ɓulla.

Turke kuwa, wato wurin da ake ɗaure dabba, an fi raina shi, duk da cewa jar akuya da ragon layya su ne asusun mata da yawa a wannan yanki. A mazhabar Malikiyya fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, kuma wannan hukunci na tsarki ne, bai ce fitsarin ba ya cin bango ba, alhali ya fi ruwan wanka gishiri. Don haka a kafa turke nesa da katanga yadda igiya ba za ta kai dabba jikinta ba, a kuma ba kowane babban rago, Balami ne ko Uda, fili na mita ɗaya da rabi zuwa biyu murabba'i. Daɓen siminti mai santsi bai dace da nan ba, domin yana zamar da dabba, yana kuma sa mata sanyi. Abin da ya dace shi ne birji da aka daɓe, ya ɗara tsakar gida tsawo da kamar taƙi guda, ya gangara zuwa 'yar hanyar ruwa wadda ba ta bi ta madafa ko bakin rijiya ba. Kofaton da ya yini cikin caɓi yana ruɓewa, warin fitsarin da ya taru a rufaffen wuri yana jawo tari, abincin da aka zuba a ƙasa kuma shi ke mayar da ƙwan tsutsar ciki bakin dabba, saboda haka dusa da ƙowa a komi ake sa su, harawa kuma a rataye ta. Hadarin Kano daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka waɗannan ɓangarori ne ake karewa da zana ko gajeren bango, a bar sauran a buɗe; idan rufin na kwano ne a ɗaga shi, a sa masa zana daga ƙasa saboda zafin bazara. Tsagogin bango, inda kaska da ƙuma ke ɓuya, a toshe su, a barbaɗa toka bayan shara, dabbar da ta fara ɗingishi kuma a kai ta asibitin dabbobi, irin na Gwale, tun ciwon bai ci kofato ba.

Kashin da ake sharewa ba shara ba ne. Shekaru aru-aru jakuna suna fita da takin birni a mangala ta ƙofofin ganuwa zuwa gonakin da ke kewaye da Kano, kuma wannan taki yana cikin abin da ya sa gonakin suka jure noma kowace shekara ba hutu. A tara shi a busasshen wuri a cikin buhu, ba a jikin katanga ba, manomi zai saya.

Duk wannan aiki na rani ne, domin ƙasar da aka daɓe a jiƙe ba ta zama, bangon da ya sha ruwa kuma ba ya karɓar gyara. Ya kamata masu unguwannin Ƙofar Dawanau da jami'an duba-gari na ƙaramar hukumar Dala su mayar da Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ranar duba wuriya da gindin katanga, ba ranar shara kaɗai ba, magina kuma su daina karɓar aikin liƙa tayil a kan laka ko da maigida ya nace. Magidanci ya zagaya bayan makewayinsa da turkensa a wannan mako, ya dafa gindin bango da hannunsa, idan ya ji sanyi ko gari ya biyo tafinsa, ya kira magini kafin ruwan farko ya sauka.