Maganin Taɓin Hankali: Ina Rabon Gude?

Da Boko Haram suka mamaye Mubi cikin watan Oktoba 2014, jama'ar ƙasar Gude sun watse, wasu kan duwatsu, wasu har Kamaru. An komo, an gyara gidaje da kasuwanni, amma firgicin da ya shiga zukata ba a waiwaye shi ba. Wanda hankalinsa ya taɓu sai a nufi Yola ko Maiduguri da shi, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye amfanin gonar talaka. In babu, sai mari.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi asusu na musamman. Wajibi ne Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu ta rubuta takardar neman rabonta. Amma kada ta roƙi kuɗin gini, wannan kam abincin 'yan kwangila ne. A nemi na horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani da sayen magani mai rahusa. A 1954 Likita Lambo bai jira gini ba, ya saukar da majinyata da danginsu a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta.

Kuma ƙofar Yola da Abuja za a fara ƙwanƙwasawa, tun da Amurka ta rufe hukumar agajinta a 2025.