Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba: Darasin Dutsen Uluru ga Mai Nazarin Al'ada

A tsarin da aka horar da mu, gwanin bincike shi ne wanda ya shiga ƙauye da na'urar ɗaukar magana, ya fito da abin da wani bai taɓa fitowa da shi ba. Da wannan ma'auni ake yaba kundin digiri, da shi kuma ake ƙara wa malami girma. Na daɗe ban ga aibinsa ba, sai da wata tafiya ta kwana 12 a tsakiyar Ostireliya ta jefa ni cikin kokwanto. Ra'ayin da nake son karewa a nan shi ne, akwai ilimin da yake da masu shi, kuma jin sa da mai bincike ya yi bai ba shi ikon buga shi ba.

Bayan wani taron ƙara wa juna sani a birnin Adelaide, na goya jakata na shiga motar safa zuwa Alice Springs, tafiyar kimanin kilomita 1,500, kusan awa 20. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturunsu, ga rana mai haske ga sanyin dare mai ratsa ƙashi. Bayan an wuce Port Augusta sai jan rairayi da gajerun itatuwa iya ganin ido. Mun yada zango a Coober Pedy, garin masu haƙar duwatsu masu daraja, inda mutane da yawa ke zaune a gidajen da aka fafe a ƙarƙashin ƙasa don gudun zafi. Daga Alice Springs, wanda mutanen Arrernte ke kira Mparntwe, na bi wasu matafiya zuwa dutsen Uluru, kimanin kilomita 450, muna kwana a fili cikin shimfiɗar tamfol.

Uluru dutse ne guda ɗaya tak a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tsayinsa mita 348, zagaye shi a ƙafa kuwa tafiyar kilomita 10 ce da ɗoriya. Masu shi su ne Anangu, masu magana da harsunan Pitjantjatjara da Yankunytjatjara. A shekarar 1873 wani Bature mai auna ƙasa, William Gosse, ya laƙaba masa sunan Ayers Rock don girmama wani ɗan siyasa. An mayar wa Anangu ƙasarsu a ranar 26 ga Oktoba, 1985, bisa sharaɗin su ba gwamnati hayar wurin na shekara 99. Sun shafe shekaru suna roƙon baƙi su daina hawa dutsen, domin hanyar da ake bi ta ibadar kakanninsu ce, kuma fiye da mutum 30 sun mutu a wajen hawan. Ba a rufe hanyar ba sai ranar 26 ga Oktoba, 2019.

A gindin dutsen, kusa da wani tafki da ake kira Mutitjulu, wata dattijuwa ta ba mu labarin Kuniya, mesar da ta zo wurin da ƙwayayenta, da Liru, macijin da mayaƙansa suka soki ɗan ɗan'uwanta da mashi. Ta nuna mana tsage-tsagen da ke jikin dutsen, inda Kuniya ta maka wa Liru sandarta. Da ta gama, sai halin mai bincike ya motsa mini. Na fito da na'urata, na ce wa tafinta ya roƙa mini ita ta ƙarasa labarin, domin na lura akwai giɓi a tsakiyarsa. Ta dube ni ta yi murmushi. Abin da tafinta ya mayar mini shi ne: "Wanda ka ji shi ne na yara da baƙi. Sauran ba naka ba ne, wani ɓangarensa ma ba nawa ba ne."

Na ji kunya, na kuma ji haushi kaɗan. Da muka ci gaba da zagayen, sai ga alluna a wurare da dama suna hana ɗaukar hoto, saboda wannan sashe na maza ne, wancan na mata. A nan na fahimci cewa giɓin da na gani a labarin da gangan aka bar shi. A wurin Anangu ilimi hawa-hawa ne, ana ba mutum gwargwadon shekarunsa da jinsinsa da dangantakarsa da wurin da labarin ya shafa.

Sunan wannan ilimi a harshensu Tjukurpa. Ya ƙunshi asalin halitta, da dokar aure da zumunta, da sanin inda ruwa yake a cikin hamada, da haƙƙin kowane dangi a kan ƙasa. Turawa sun fassara makamanciyar wannan kalma ta harshen Arrernte da abin da ke nufin "zamanin mafarki", fassarar da ta yaɗu daga ayyukan Baldwin Spencer da Francis Gillen, waɗanda babban littafinsu ya fito a 1899. Daga bayanansu Emile Durkheim ya gina ra'insa na asalin addini a 1912, Sigmund Freud ma ya ɗiba a 1913. Ke nan sirrin wasu dattawa na hamada ya zama tubalin ilimin zamantakewa a jami'o'in duniya, alhali dokarsu ta koma "mafarki" a bakin masu karatu. Mutanen da aka ce dokarsu mafarki ce, ba wuya a ce ƙasarsu ba ta da mai ita. Wannan da'awa ta zauna a shari'ar Ostireliya har zuwa 1992, lokacin da babbar kotun ƙasar ta rushe ta a shari'ar Mabo.

Misalai biyu sun isa su nuna inda amanar mai bincike ke karyewa. A 1940 Charles Mountford ya zauna da mutanen Pitjantjatjara, dattawa suka nuna masa wurare da kayan ibadarsu bisa amana. A 1976 ya buga su a littafinsa Nomads of the Australian Desert, har ya sa gargaɗi a farkonsa cewa akwai abubuwan sirri a ciki. Dattawan suka kai ƙara, suna cewa idan mata da yara da waɗanda ba a shigar da su ba suka ga abin da ke ciki, tsarin zamansu zai rushe. Kotun ƙolin yankin Arewa ta hana sayar da littafin a yankin. Shekara 36 ba ta sa amana ta tashi ba.

Na biyu ya fi ban tausayi. An haifi T.G.H. Strehlow a Hermannsburg a 1908, ya tashi yana jin Arrernte kamar ɗan gida. Dattawan da suka ga matasa na gudun al'ada suka damƙa masa waƙoƙinsu da kayan ibada fiye da dubu, don kada su salwanta. Daga baya ya sayar wa mujallar Stern ta Jamus hotunan wasu bukukuwa na sirri, yana zaton ba za su dawo gida ba. Wata mujalla ta Ostireliya ta saye su ta buga, mutanen da suka amince da shi suka gan su a kanti. A 1978 ya rasu. Kayan da ya tara suna wata cibiya mai sunansa da aka buɗe a Alice Springs a 1991, kuma sashen sirrin ba ya buɗuwa sai ga dattawan da ke da haƙƙi a kansa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Anangu suka warware matsalar ba tare da sun guji fasahar zamani ba. A 1994 aka fara wani rumbu na kwamfuta mai suna Ara Irititja, wanda ke tattaro tsofaffin hotuna da faya-fayan da 'yan mishan da malaman makaranta da masu bincike suka kwashe, yana mayar da su garuruwan masu su. An keɓe abin da ya shafi maza kaɗai da abin da ya shafi mata kaɗai, ana kuma iya rufe hoton mamaci har sai danginsa sun yarda a buɗe, domin a al'adarsu akan guji sunan wanda ya rasu da surarsa na wani lokaci. Ilimin yana nan a adane, mabuɗin kuwa yana hannun masu shi.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan nazarin Hausa da wannan. Alaƙar ta fi kusa da yadda ake zato. A.J.N. Tremearne, wanda ya buga littafi a kan camfe-camfe da al'adun Hausawa a 1913, da wani a kan bori a 1914, haifaffen Ostireliya ne, kuma a bangon littafin na biyu ya kira iskoki da kalmar Ingilishi mai nufin shaiɗanu. Zamani ɗaya ne da na Spencer da Gillen, ra'i ɗaya ne kuma: a kwashe al'adun mutanen da aka mallaka kafin su ɓace. Littafin tatsuniyoyi mai juzu'i uku da ya fito tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta abin da ke cikinsa da ajami, amma sunan Frank Edgar ne a bango. Mun soki wannan ɗabi'a a maƙalu da dama, sai dai hanyar aikin mun gaje ta ba mu sauya mata komai ba.

Mu dubi kundayenmu. Ɗalibi zai je wurin mafarauci ko maƙeri ko ɗan bori ko unguwarzoma, ya yi gaisuwa da goro, a faɗa masa surkulle ko haɗin magani ko kirarin iska saboda ana ganin ɗan gida ne. Zai rubuta komai, ya jera sunan mai bayanin da shekarunsa da ƙauyensa a ƙarshen kundi. Da can kundin kan kwanta a ɗakin karatu na sashe, ƙura ta rufe shi, ƙurar nan kuma ita ce kariyar mai bayanin. Yanzu ana ɗora kundaye a intanet. Tsohuwar da ta yi magana a kan girka a cikin ɗakinta, jikanta na iya cin karo da sunanta a wayar abokinsa, a garin da ake tsangwamar mai irin wannan sana'a. Ba ta san da wannan ba lokacin da ta ce "to". Alhali mu da kanmu mun san laƙani ba ya tafiya sai da izini, kuma malami ba ya ba almajiri kowane sirri a ranar farko.

Akwai hujjoji masu nauyi da ke adawa da wannan ra'ayi. Ta farko ita ce ilimin da aka ɓoye yana bin mai shi kabari. Gaskiya ne, kuma jikokin dattawan Arrernte a yau suna komawa ga abin da Strehlow ya tara don farfaɗo da waƙoƙin da suka kusa ɓacewa. Amma wannan hujja ce ta adanawa, ba ta kai ga yaɗawa ba. Abin da ya ceci waƙoƙin shi ne ɗaukar su da aka yi, abin da ya ɓata amana shi ne sayar da hotunan.

Ta biyu ita ce masu iko na iya fakewa da "sirri" su hana a binciki tarihin da ba ya yi musu daɗi, kamar na bauta ko na rikicin sarauta. Wannan haɗari ne na gaske. Don haka iyakar da nake nufi ƙarama ce: abin da mutum ya faɗa bisa amana, game da sana'arsa ko ibadarsa ko jikinsa, wanda yaɗa shi zai cutar da shi ko zuriyarsa. Tatsuniya da karin magana da waƙar da aka rera a dandali na kowa ne, abin da ya faru a bainar jama'a kuma ba mai ikon rufe shi.

Ta uku ita ce Hausawa miliyoyi ne, ba su yi kama da al'ummar da harsunanta fiye da 250 suka ragu har waɗanda yara ke tashi da su ba su kai 20 ba. Haka ne. Sai dai rinjayen da nake magana a kai yana cikin gida: tsakanin ɗan boko mai na'ura da Bamagujen da bai iya karanta abin da aka rubuta a kansa ba, ko tsakanin mai bincike Bahaushe da ƙananan ƙabilun Bauchi da Filato waɗanda ake yi wa tambaya da Hausa. A nan mu ne a matsayin Mountford.

Abin da nake ba sassanmu shawara ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A raba izini gida biyu, na ɗauka da na bugawa, a nemi kowanne da baki cikin harshen mai bayani, a bar shi a kan faifan, a kuma gaya masa ƙarara cewa kundin zai hau intanet. A yarda kundi ya kasance da rufaffen rataye wanda masu jarrabawa kaɗai za su gani. A bar wa mai bayani zaɓin a ambaci sunansa a matsayin mai ilimin ko a sakaya shi. A mayar masa da kwafin abin da aka ɗauka, shi da iyalinsa. Hukumar nazarin al'adun 'yan asalin Ostireliya, AIATSIS, ta fitar da ƙa'idojin bincike masu wannan manufa a 2020, kuma babu abin da zai hana ƙungiyoyin nazarin harsunanmu su tsara nasu daidai da yanayinmu.

Ostireliya ba ta gama biyan bashinta ba. A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2023, kimanin kashi 60 cikin ɗari sun ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara a tsarin mulki. Darasin da na ɗauko na dattijuwar nan ne, wadda ta ba ni rabona ta tsaya. Da na dawo gida na buɗe kundina na digiri na biyu, na tarar da shafi huɗu da wani tsoho ya faɗa mini bayan ya sa an rufe ƙofar zaure. Na rubuta wa sashe takarda ina neman a cire su daga kwafin da ke intanet. Shi tsohon ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan, kuma su zan je in tambaya.